Zanen fuska da allin fastel a kan hanya, daga shirya kaya har zuwa sa gilashi

A hunturun da ya wuce na yi tafiyar kwana 14 ina zana fuskokin mutane da allin fastel. Na tashi daga Zariya a mota, na sauka Kano, na wuce Katsina da Daura, sannan na dawo Kano na hau jirgin sama zuwa Legas, inda aka sa wa hotunan gilashi. Na fita da takarda 20, na dawo da hoto 11 da na yarda a nuna wa jama'a. Biyu sun lalace a mota, ɗaya haske ne ya ɓata shi tun a wurin zane, sauran takardun kuma na gwaji ne. Na ga ya dace in rubuta yadda kowane mataki ya gudana, domin wanda ya koyi fastel a ɗakin zane, inda tagarsa ɗaya ce kullum, kayansa kuma suna shimfiɗe a tebur, zai sha wuya ranar da ya fara fita da shi.

Sai an fara sanin halin abin. Fastel garin launi ne kusan zalla, an haɗa shi da ɗan abin ɗauri kaɗan aka murza shi kamar alli. Fentin mai da na ruwa suna bushewa su kama jikinsu. Fastel kuwa babu abin da zai bushe a cikinsa, ko bayan shekara ɗari gari ne maƙale a kaushin takarda. Wannan ne ya sa ya dace da matafiyi, tunda ba a jiran bushewa, ba a ɗaukar mai ko tafentin, kuma ana iya gama fuska a zama biyu. Tun da daɗewa aka gane haka. Liotard, mutumin Jeneba, ya zauna a Istanbul daga 1738 zuwa 1742 yana zana mutane, fastel kuma shi ne abin da aka fi saninsa da shi. Amma halin nan nasa shi ne kuma matsalarsa, domin duk abin da ya goge shi ya tafi da shi.

Shirya kaya ya ci mini kwana uku, kuma a nan aka fi yin asarar kuɗi. A shagunan kayan makaranta, idan ka ce fastel, galibi na mai za a miƙo maka, wanda yake kamar kakin zuma, yana yin laushi a motar da ta sha rana, kuma ba ya haɗuwa da busasshen. Goga shi a yatsa kafin ka biya: in ya bar gari kamar alli, shi ne. Na ɗauki iri uku. Masu tauri, irin na kamfanin Conté, guda 12 don shimfiɗar farko. Masu matsakaicin laushi, irin Rembrandt, su ne mafi yawa. Masu laushi sosai, irin Sennelier da Schmincke, guda 10 kacal don hasken ƙarshe, domin sun fi tsada kuma sun fi saurin farfashewa. Kowane alli na cire takardar jikinsa, na karya shi biyu, na bar rabi a gida. Ta haka guntu 60 suka shiga akwatin da da 30 zai ci, kuma guntun ya fi daɗin aiki, tunda ana iya kwantar da shi a shafa da gefensa. Na ƙara fensirin fastel guda 8 don ido da baki, da gawayin zane, da magogin roba mai laushi da ake murzawa kamar ƙullu, da reza, da guntun samfefa na fiƙe fensir.

Akwatin kafinta ya yi mini shi, faɗi santimita 20, tsawo 30, zurfi 3, da soso mai kaurin santimita ɗaya a ƙasa da wani a jikin murfi. Gwajinsa ɗaya ne: rufe shi ka girgiza kusa da kunne. In ka ji motsi, ƙara soso, domin allin da ke motsi a hanya gari za ka tarar da shi, kuma garin baƙi zai rina fari. Na jera su daga mai haske zuwa mai duhu, ban bi jinsin launi ba, saboda a wurin aiki tambayar farko kullum ita ce wurin nan ya kai wancan duhu ko bai kai ba. Na kuma riƙe ƙaramar roba mai murfi da tsakin masara a ciki. Idan alli ya yi dauɗa har ba a gane launinsa, a jefa shi ciki a jujjuya, zai fito fes.

Takarda na sayi Canson Mi-Teintes mai nauyin giram 160 a murabba'in mita. Falle ɗaya 50 ne da 65, na raba shi biyu ya zama 32.5 da 50, wanda ya ishi kai da kafaɗa. Tana da fuska biyu, ɗaya mai ramuka kamar saƙar zuma, ɗaya mai ɗan santsi. Mai santsin nake amfani da ita, domin ramukan suna fitowa a fatar mutum kamar ƙyasfi. Launin toka da ruwan ƙasa na zaɓa. Farar takarda a ranar arewa tana kashe ido, kuma tana sa mai zane ya ga kowane launi ya yi duhu, sai ya yi ta ƙara fari. Na haɗa da Pastelmat falle 6, mai nauyin giram 360, wadda ke riƙe shafi da yawa ba tare da feshin kafe launi ba. Tsadarta ta sa na ajiye ta don zaman da na tabbata za a yi sau biyu. Sai takardar gilasin, wata shara-shara mai santsi da gari ba ya kama ta, falle ɗaya ga kowane hoto. Sai allon filawud guda biyu, 40 da 55, kaurin milimita 4, da manyan kilif shida da salatif na takarda. Allon nan shi ne teburin zane, shi ne kuma ma'ajiyar hotuna. Duka kayan, har da maɗorin allo mai ƙafa uku da fitila, sun kai kilo 6.

A tasha abin da ya kamata a yi shi ne a biya kuɗin kujerar gaba, ko da na mutum biyu ne, a ɗora allon a cinya. 'Yan kamasho za su miƙo hannu su sa shi a but, kuma da kyakkyawar niyya suke yi, amma a but buhu za a ɗora masa. A hanyar Zariya zuwa Kano babu hoto tukuna, don haka ba abin da ya faru. Asarar a hanyar Katsina ta zo. Hotuna biyu na farko na sa su a jakar leda irin ta takardun ofis, da gilasin a kai amma ban manne shi ba. Da na buɗe, gilasin ya yi ta zamewa da girgizar mota ya shafe ido da hanci, sauran garin kuma ya manne a jikin ledar, domin a bushewar hunturu leda tana jan gari kamar mayen ƙarfe. Na ji zafin abin ƙwarai, saboda ɗaya daga ciki dattijo ne da ya ba ni safiya biyu. Daga nan na gane cewa danni ba ya cutar da fastel, zamiya ce ke kashe shi. Tsarin da na koma bi shi ne: in buga bayan hoton da yatsa sau uku ko huɗu garin da bai kama ba ya zube, in shimfiɗa gilasin, in manne shi da salatif ta sama da ta ƙasa a naɗo ta baya, in jera hotunan duka fuska sama tsakanin allunan biyu, in matse da kilif shida. Babu wanda ya sake lalacewa.

Neman wanda za a zana yana da nasa tsarin, kuma ba a yi masa gaggawa. A kowane gari ranar farko ban buɗe akwati ba. Na nemi wanda zai kai ni wurin mai unguwa, na gaishe shi, na nuna masa hotunan da na yi a baya, na ce, "Ranka ya daɗe, zane nake yi da hannu, ina neman izini in zauna da duk wanda ya yarda." A wani wuri an sa ni jira har bayan La'asar, a wani kuma an ce in dawo gobe. Akwai waɗanda suka ƙi saboda fahimtarsu ta addini game da hoton mai rai. Wannan ba wurin musu ba ne, godiya ake yi a wuce. Mata kuwa ta hannun mutanen gidansu ake bi, kuma zaman a cikin gida yake, da wata a kusa. Ga mai sana'a, nakan tambaye shi abin da yake samu a safiya ɗaya in biya shi wannan, tunda lokacinsa na ɗauka, sannan in faɗa masa tun farko inda za a kai hoton, da cewa zan ɗauke shi da waya in wanko masa kwafi. Alkawarin nan a cika shi kafin a bar garin.

Haske ne ya fi komai cin lokaci, kuma shi ya kamata a nema kafin a zaunar da mutum. Abin da ake so haske ne daga wuri ɗaya, wanda zai zauna yadda yake na awa biyu ko uku. Zaure ya fi ko'ina, domin ƙofarsa ɗaya ce ke kawo haske, cikinsa kuma da duhu. Amma sai an duba inda ƙofar ta fuskanta. A Kano da Katsina, daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana tana bi ta kudu, saboda haka ƙofar da ke kallon arewa rana ba ta shiga ta, hasken sama kawai take sha, ba ya sauyawa sosai daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe. Littattafan Turai suna cewa tagar arewa kullum, amma a wurinmu daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana komawa ta arewa da tsakar rana, sai ƙofar kudu ta zama ita ce mai inuwa. Hoton da haske ya ɓata mini a ƙofar gabas na yi shi. Na fara da ƙarfe 8 rana na dukan kunci ɗaya, kafin 10 ta haye sama, inuwar hanci ta koma wani wuri, na yi ta bin ta ina gyara har takarda ta ƙoshi ta daina karɓar launi.

Mutumin nakan zaunar da shi taku biyu daga bakin ƙofa, ƙofar tana gefensa da ɗan gaba, yadda kashi biyu cikin uku na fuska za su sha haske, kashi ɗaya ya shiga inuwa, kuma a ga ɗan haske mai kusurwa uku a kuncin da ke inuwa, ƙasa da ido. In babu wannan ɗan hasken, a juya shi kaɗan wajen ƙofa. Ni kuma sai in zauna inda hasken ƙofar zai faɗa a takardata ba tare da inuwar hannuna ta rufe inda nake aiki ba. Wannan ana mantawa da shi: in mutum yana cikin haske takarda tana cikin duhu, duk launin da ka zaɓa zai fito daban a waje. Ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro yana da sanyi, amma hasken yana zubowa ɗigo-ɗigo yana yawo da iska, ganye kuma yana zuba kore a goshi. Rumfar shuɗin tamfol tana mai da fata kamar toka. Rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe ɗaya tana yi in babu zaure. Ranar da hazo ya sauka sosai, hasken yana laushi har ana iya aiki a fili, sai dai inuwa tana raguwa fuska ta baje, don haka nakan rataya baƙin zane a gefe ɗaya ya tare hasken wannan ɓangaren. Bayan La'asar kuma hasken yana ja da sauri, bai wuce a yi riga da hula a cikinsa ba.

Zaman kansa minti 20 ne, a huta 5. Kafin mutum ya tashi nakan zana da alli inda ƙafafun kujera da nasa suke, in kuma nuna masa abu ɗaya a bango da zai riƙa kallo. Allon nakan karkato da kansa gaba kaɗan, don gari ya zuba ƙasa maimakon ya bi ta kan hoton. A zaman farko gawayi kawai nake riƙewa: tsawon kai da faɗinsa, layin ido, ƙasan hanci, tsagin baki, sannan iyakar inuwa daga goshi ta karan hanci zuwa haɓa. A nan ne nake ɗaukar hoto da waya, don siffar inuwar kawai. Launin waya ba abin dogaro ba ne, tana haskaka baƙar fata tana share abin da ke cikin inuwa. A na biyu sai in cike inuwa da alli mai tauri, makuba mai duhu, da sauƙin hannu yadda takarda za ta riƙa leƙowa. Sai tsaka-tsaki: jan ƙasa a kumatu da hanci da kunne, ruwan zuma a goshi, ɗan shunayya mai duhu a muƙamuƙi da gurbin ido. Masu laushi sai a ƙarshe.

Kuskuren da aka fi yi da fatarmu shi ne a ɗauki ruwan ƙasa ɗaya, a sa baƙi don inuwa, a sa fari don haske. Abin da ke fitowa fuska ce kamar an bulbule ta da toka. Dattijon da na zana a wani zaure a Daura, da na tsaya na dube shi sosai, ƙyallin goshinsa da na ƙashin kuncinsa shuɗi ne mai haske, domin sama ce ke haskawa a fatar. Ƙasan haɓarsa kuma ya fi yadda na zata haske, saboda farar rigarsa tana mayar da haske sama. Furfurar gemunsa ba fara ba ce sai 'yan silalla a gefen ƙofa, sauran toka ce mai ɗan shuɗi. Baƙi zalla a ƙwayar ido da ramin hanci kawai na sa shi, fari zalla kuma ɗigo ɗaya a ido. Tsagen fuska a bar shi sai ƙarshe, a ja shi da fensir, layi mai duhu da siririn haske a gefensa, kuma a ƙirga shi daidai, domin shi mai hoton da danginsa za su fara dubawa.

Murza da yatsa a taƙaita shi, a shimfiɗar farko kawai. Yawan murza yana toshe kaushin takarda ya kashe launi. Akwai kuma matsalar da hunturu ke kawowa: kowa yana shafa mai saboda kaushi, kuma yatsan da ke da man kaɗanya in ya taɓa takarda ya bar tabon da fastel ba zai sake kama wurin daidai ba. A wanke hannu da sabulu kafin a fara, a ajiye jiƙaƙƙen tsumma da busasshe a gefe, a hana masu kallo taɓawa, domin hannu ne ke fara zuwa kafin tambaya. Kada a hura gari da baki, wasu launukan ba su da kyau a huhu. A kai allon waje a buga bayansa.

Sau biyu na yi aikin dare, ga mutanen da ba su da lokaci da rana. Fitilar caji na yi amfani da ita, mai farin haske da aka rubuta 5000K a jikinta. Na ɗaure ta sama da kan mutumin, nisan mita ɗaya da rabi, a gefe da ɗan gaba, na kashe ƙwan ɗakin, na maƙala wata ƙarama mai irin haskenta a kan allo. In aka haɗa da ƙwai mai jan haske, inuwa biyu ake samu masu launi daban-daban. A ƙarƙashin jan ƙwai kuma rawaya tana kama da fari, sai mutum ya yi ta zuba ta, da safe ya tarar da fuska kamar mai ciwon shawara. A tabbata cajin zai kai awa biyu, domin fitilar da ta fara rauni tana sauya hoton a hankali ba a lura ba.

A filin jirgi abubuwa uku suka taso. Na farko gwangwanin feshin da ake kafe launi da shi. Yana cikin abubuwa masu kama wuta, ba a yarda da shi a jakar hannu ko a kayan awo ba, don haka na bar shi a can, kuma dokarsu ke nan, ba su yi ba daidai ba. Dama amfaninsa kaɗan ne: yana duhunta launi, musamman masu haske, saboda haka a tsakiyar aiki kawai nake fesa shi, daga nisan santimita 30, a waje. Feshin gashi da wasu ke amfani da shi a madadinsa yana sa hoto ya yi rawaya da daɗewa. Na biyu akwatin alli. A na'urar binciken kaya yana fitowa kamar jerin gajerun sanduna masu duhu, kuma tabbas za a ce a buɗe. Na jira kamar minti 15. A fitar da shi tun kafin a tambaya, a roƙi jami'in cewa kai za ka buɗe da hannunka, a kwance a tebur, domin in aka buɗe shi a tsaye komai zai watse a ƙasa. Na ja layi a guntun takarda na nuna masa, ya sallame ni. Na uku, reza ta shiga kayan awo, batirin caji kuma jakar hannu, nawa mai 20,000 mAh bai kai iyakar 100Wh da aka sa ba. Allon hotuna na shiga da shi a hannu, girmansa na 40 da 55 dama don haka na zaɓe shi, na kwantar da shi a saman jakata a ma'ajiyar sama bayan kowa ya gama sa kayansa.

A Legas laima ce ta tarbe su. Takardar da ta sha bushewar hunturu tana shan danshi ta yi tudu da kwari, don haka na bar su a matse tsakanin alluna kwana ɗaya kafin in buɗe. Wurin mai firam na zauna har aka gama na farko, kuma ina ba kowa shawarar ya zauna, domin yawancinsu hoton kyamara suka saba da shi. Na nuna masa cewa gilashi za a sa, ban da roba mai kama da gilashi, saboda tana jan gari in an goge ta. Hoton kada ya taɓa gilashin, a bar tazarar milimita 3 zuwa 5 da kwali mai kauri a kewaye, a kuma ɓoye wani siririn kwali a bayan na gaba don garin da zai zubo nan gaba ya faɗa cikin ramin, kada ya ɓata farin kwalin. A manne takardar ta sama kawai, wuri biyu, don ta samu wurin miƙewa in yanayi ya sauya. Kada a kife hoton, kada a share shi da tsumma, kada kuma a buga ƙusa da guduma yana ciki, da sukurudireba ake ɗaure bayan. Firam 11 sun ɗauki kwana huɗu, kuma ko da aka gama a tsaye na ɗauko su, gilashi na kallon gilashi, da kwali a tsakani.